Shuɗin Alli a Ƙarƙashin Jar Mota

Tun ba a janye motar daga jikin katanga ba, Baba Mai Sawu ya riga ya faɗi maganar da ya yi ta fatan da ma ya haɗiye ta.

Jar mota ce ta tsere, irin mai kwanciya da ƙasa, ga ta a murƙushe a kwanar ƙarshe ta filin gwaji. Direbanta, wanda kowa ke kira Kibiya, an wuce da shi asibiti ba ya motsa ƙafa. Mijin 'yar Baba ne, saboda haka da tsohon ya iso aka dare masa hanya, ana yi masa sannu ƙasa-ƙasa. Shi kuwa bai dubi kowa ba. Kwalta ya duba.

A da bakanike ne, gwanin saitin ƙafar mota da zare da gwangwani. Da hannunsa na dama ya kama rawa har sufana ta gagare shi riƙewa, sai ya koma bin sawun taya. Motar sata, wanda ya kaɗe mutum ya gudu, rigimar wa ya shiga hannun wa, duk shi ake kira, ya sunkuya ya karanta ƙasa kamar wasiƙa.

Ya bi baƙin zanen tayoyin tun daga bakin kwana har katanga, sannan ya tsuguna gaban motar. Motar tsere ba a saita ƙafarta kamar motar kai yara makaranta. Akan ɗan buɗe bakin tayoyin gaba su kalli waje, a kwantar da kansu ciki kaɗan, don da an taɓa sitiyari ta faɗa kwana ba gardama. Wannan kuwa zanenta ya nuna bakin tayoyin a tsuke yake, suna kallon juna. Kibiya ya shigo da gudun da ya saba, ya murɗa sitiyari, mota ta yi masa kunnen ƙashi ta miƙe.

"An taɓa ƙafar motar nan," in ji Baba.

Wan Kibiya, wanda shi ya sayi motar kuma shi ke ɗaukar nauyin tseren, ya matso idonsa jajir. "Wa ya taɓa ta, Baba?"

"Ni dai ƙasa nake karantawa. Amma ai an san wanda ya yi mata saiti jiya."

Kowa ya san wa yake nufi. Mai Saiti, matashin da ya kawo na'ura mai fitilu garejin, ya kwashe duk masu zuwa wurin masu zare. Baba bai taɓa cewa yana jin haushinsa ba, amma gaskiya ita ce da maganar ta fita bakinsa ya ji wani ɗan daɗi, irin na wanda ya sosa inda ya daɗe yana yi masa ƙaiƙayi. Daɗin bai kai shi bakin titi ba ya koma masa ɗaci.

Kafin ya isa gareji labari ya riga shi. An garƙame shagon Mai Saiti da kwaɗo, shi kuma yana zaune a rumfar Ciyaman na kanikawa, leɓensa a fashe, rigarsa a yage. Waɗanda jiya suke shan shayi da shi, yau su ne ke leƙowa suna cewa dama sun ga alama. Wan Kibiya ya so a miƙa shi ga 'yan sanda nan take. Ciyaman ya yi ta ba shi haƙuri har ya yarda a jira zuwa gobe da hantsi, Baba ya gama bincikensa.

Baba ya ja benci ya zauna. "An ce jiya kun yi cacar baki da Kibiya."

"Mun yi, Baba," in ji Mai Saiti, yana magana da gefen baki. "Cewa ya yi in ƙara buɗe masa tayoyin fiye da yadda muka saba. Na ce a'a. In ka buɗe da yawa, a kwana za ta yi maka daɗi, amma a miƙe za ta riƙa rawa, ga cin taya. Ya ce ni matsoraci ne, na ce na yarda. Daga ƙarshe muka tsaya a tsakiya, na buɗe kaɗan, na kwantar da kan tayoyin yadda kwanar filin ke so."

"Ka buɗe, ba ka tsuke ba?"

"In tsuke motar tsere? Baba, ko wuƙa aka sa mini a wuya ba zan yi wannan aikin ba. Kibiya yana tsaye ya ga na'ura da idonsa. Amma shaidata yana kwance, ba ya magana."

Ya ɗago ya dubi Baba. "Da na ji kai za ka bincika, hankalina ya kwanta. An ce kai ba ka yi wa ƙasa ƙarya."

Baba ya miƙe da sauri kamar bencin ya yi zafi. Bai san ko an gaya wa yaron bakin wa ya jawo masa dukan ba, kuma bai da ƙarfin halin tambaya.

Mutum na biyu da ake nunawa da baki shi ne Dogo, abokin hamayyar Kibiya. An gan shi jiya yana kewaya shagon Mai Saiti, har an ce sun keɓe sun yi ƙus-ƙus. Baba ya same shi yana wanke tasa motar da kansa.

"Ƙus-ƙus ɗin?" Dogo ya matse soso. "Roƙonsa na yi ya gaya mini saitin da ya yi wa Kibiya. Ya ce in je in tambayi Kibiya. Wannan yaron ko uwarsa ba zai gaya wa ba."

"Kai dai ba ka so ya ci."

"Ba na so, Baba, me zan ɓoye? Amma so nake in wuce shi yana kallona, motarsa lafiya lau, don ya rasa abin faɗa. Yanzu ko na ci, cewa za a yi don ba ya nan." Ya watsa ruwa a gilashi. "Kuma ta ina zan taɓa ta? Ai ba a gareji ta kwana ba. Wansa ya ce kada ni in yi mata wani abu, ya sa aka kai ta gidan Kibiya tun da rana. Da safe a kan babbar mota aka ɗauko ta zuwa fili."

Baba ya tsaya cak. Wannan ne ba wanda ya gaya masa, don kowa ya ɗauka gida ai gida ne. Kuma ya bayyana abin da ke damunsa tun safe, wato yadda direba kamar Kibiya zai tuƙa mota a titi bai ji an canja mata ƙafa ba. Ashe bai tuƙa ta ba sai a fili.

Gidan 'yarsa ba kowa, duk suna asibiti. Maƙwabciya ta ba shi mabuɗi. Tsakar gidan yashi ne, kuma ba a yi shara ba saboda tashin hankalin safiya.

Yashi ba ya ɓoye komai. Tayar da bakinta ke kallon waje, in tana tafiya, takan tura yashi ta tara shi ta ciki. Wadda aka tsuke kuwa ta waje take tarawa. Baba ya bi sawun shigowa daga ƙofa, ya ga tudun yashin ta ciki, daidai yadda Mai Saiti ya ce. Ya bi na fita, ya ga tudun ya koma waje. Ya sake dubawa ko da baya aka fitar da ita, don wannan kan juya karatun. A'a, an juya ta a tsakar gida, da gaba ta fita. Lafiya ta shigo gidan nan, a nan aka taɓa ta.

Ya kamata ya ji sanyi, ga yaro ya fita. Amma idonsa ya riga ya faɗa kan wani abu. A kusurwa huɗu na inda motar ta tsaya akwai zoben gindin gwangwani a yashi. Can jikin bango ga gwangwanayen fenti an jera su tsaf, a wuyan ɗaya akwai guntun zaren ɗinki.

Gwangwani a kowace kusurwa, a ja zare ta gefen mota, a auna tazarar taya daga zaren. Aikinsa ne. A duk garin, waɗanda suka iya shi ba su da yawa, kuma ɗaya daga cikinsu ta tashi ne a shagonsa, tana miƙa masa sufana tun ba ta kai tsawon taya ba, kafin ta girma ta koma ɗinki. 'Yarsa ce, sunan mahaifiyarsa ya sa mata, shi ya sa yake kiranta Uwata.

Sai ya tuna. Kwanakin baya ta kawo masa abinci, ta zauna tana kallonsa yana ci, ta ce, "Baba, wai in mota ta cika zafi, yaya ake sa ta yi sanyi?" Shi kuma da ya daɗe ba wanda ya tambaye shi komai game da sana'arsa, sai ya ture kwano ya baje kolin sani. A tsuke bakin tayoyin gaba, ya ce, sai ta zama kamar tunkiya, ba ta fizga, ba ta rawa. Har da zana mata a ƙasa da cokali. Bai tambaye ta motar wa ba. Bai ce mata mai gudu da ya saba da zafin motarsa, in aka sanyaya ta bai sani ba, katanga zai nufa ba.

Ya zauna a kan gwangwani ɗaya.

Duk da haka ya koma gareji, yana roƙon Allah ya sa ya yi kuskure. An ajiye gawar motar a bayan rumfar Ciyaman, an ɗaga gabanta a kan katako. Zai durƙusa ke nan sai ga Mai Saiti ya taho yana ɗingishi, riƙe da kwali.

"Shimfiɗa wannan, Baba, kada ka ɓata rigarka."

Baba ya karɓa, ya shige ƙarƙashi. A kan sandar da ke juya taya, dab da notin da ake kwancewa a yi saiti, ga alama nan: layi ɗaya a tsaye, ɗaya ya gitta shi. Haka ya koya mata, a yi alama kafin a juya, don a san inda aka baro. Shi da farin alli yake yi. Wannan shuɗi ne, allin tela.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya sa babban yatsa ya goge, ya mirgina ɗaya gefen ya goge wancan ma.

"Ka ga wani abu, Baba?" in ji Mai Saiti daga waje.

"Tukuna," in ji Baba.

A asibiti ya sami 'yarsa a barandar ɗakin da aka kwantar da mijinta, ɗanta na barci a cinyarta. Ta ce an fito da shi daga aiki, ya farka, amma likita ya ce ƙashin bayan ya taɓu, tafiya sai abin da Allah ya yi. Baba ya zauna gefenta ya ɗora hannu a gwiwa. Ta dubi hannun. Shuɗin ya shige cikin tsagar fatar yatsansa, ya wanke bai fita ba.

Ba ta yi kuka ba. Muryarta ce ta koma ƙarama.

"So nake ya faɗi gwajin kawai, Baba. Yayansa ya ce in bai ci wannan ba, ya daina zuba masa kuɗi. Na roƙe shi ya bari, na yi fushi, na yi yaji, dariya yake yi mini. Duk ranar tsere ba na iya cin abinci. Da ya fita aski jiya, na ga motar a tsakar gida, na ce ga dama. Na ɗauka za ta yi nauyi ne, a wuce shi, ya dawo gida yana masifa. Masifarsa ai na iya da ita."

"Uwata, ki yi shiru."

"An ce sun daki Mai Saiti."

"Na ce ki yi shiru. Ni na koya miki, ni na ba ki shawarar, ni kuma na nuna yaron da bakina. Ki bar mini, gobe zan san abin da zan faɗa."

Ta dube shi kamar za ta yi magana, sai yaron ya motsa, ta shiga jijjiga shi. Baba ya tashi ya tafi, yana jin kunyar kowane mutum da ya gaishe shi a hanya.

Da hantsi rumfar Ciyaman ta cika. Wan Kibiya na zaune a gaba yana kaɗa mabuɗin mota, Dogo ya jingina da ginshiƙi, Mai Saiti na ƙasa tsakanin kanikawa biyu. Can baya matar Mai Saiti ce tsaye da goyo. Baba bai yi tsammanin ganin 'yarsa ba, amma ga ta a gefen surukarta, ta rufe rabin fuska da mayafi.

Ya faɗi abin da yashi ya nuna masa, tudun ciki da tudun waje, da yadda motar ta shiga gida lafiya. "Saitin da yaron nan ya yi daidai ne. Ni na jawo masa duka da bakina, ban bincika ba. Dogo ma ba ruwansa."

"To wa ya shiga gidan ƙanena?" in ji wan Kibiya.

"Ni ne." Baba ya kafa ido a ƙasa. "Na je na tarar da motar, na ga saitin na'ura bai yi mini ba, na ce bari in gyara da zare irin namu na da. Girman kai ne na tsufa. A kai ni inda za a kai ni."

Wan Kibiya ya miƙe a hankali, ga surukuta ga fushi, ya rasa wanda zai fara fitarwa. Sai aka ji murya daga ƙasa.

"Ba shi ba ne."

Mai Saiti ne. Matarsa ta yi masa wani irin kallo daga baya, wanda ake yi wa mutumin da aka buɗe masa ƙofa ya ce shi bai tashi fita ba.

"Ku yi haƙuri," in ji shi. "Notin nan ni na ɗaure shi, na san yadda na ɗaure. Baba ko kofin shayi da hannu biyu yake riƙewa. Ba zai iya kwance shi ba, balle ya mayar. Ban san wa yake karewa ba, amma ba zan koma shagona a kan bayan tsoho ba."

Ciyaman ya dubi hannun Baba, kowa ma ya duba. Hannun na ta rawarsa a gefen riga, ya ƙi rufa wa mai shi asiri ko na minti ɗaya.

"To in ba shi ba ne, mun koma inda muke," in ji wan Kibiya, ya juya kan Mai Saiti. "Wa ya sani ko kai ka bi ta gidan? A kira 'yan sanda."

"Yaya, kada a kira."

'Yar Baba ce, ta sauke mayafin. Ta ratso mutane har gaban Ciyaman, ta buɗe tafin hannunta. Guntun shuɗin alli ne, gefensa ya cinye.

"Ni na kwance, ni na tsuke, ni na ɗaure. Gwangwanayen suna gida. Baba ya goge alamata jiya don ya rufa mini asiri." Ta juya wajen Mai Saiti. "Malam, ka yafe mini. Tun jiya na san dukana ka sha."

Surukarta ta yi salati ta zauna a ƙasa. Wan Kibiya ya tambaye ta dalili, ta faɗa masa kamar yadda ta faɗa wa ubanta, ba ƙari ba ragi. Ya daɗe a tsaye yana kallon allin. Daga ƙarshe ya ce wa Ciyaman a buɗe shagon, kuma shi zai zo da kansa ya ba Mai Saiti haƙuri a gaban waɗanda suka dake shi. Sannan ya dube ta.

"Ni ba zan kira kowa ba, kuma ba zan gaya masa ba. Ke za ki gaya masa. Abin da ya yanke, shi ke nan."

Baba ya raka ta asibiti. Sai a ƙofar ɗakin ya ce, "Uwata, bari in shiga in fara yi masa bayani. Laifin nawa ne."

"Naka ka riga ka faɗa, Baba. Wannan nawa ne."

Ta miƙa masa yaron, ta tura ƙofa. Kafin ta rufe, ya ji muryar surukinsa a raunane, yana tsokanarta yadda ya saba: "Ina kika shiga tun safe? Ko kin gudu ne don kin ji na gurgunce?"

Baba ya zauna a benci da jikansa a kafaɗa. Mai goge-goge ta gama wanke barandar ke nan, siminti na sheƙi da ruwa. Wata ma'aikaciya ta turo keken marasa lafiya ta ajiye shi a bakin ƙofar, ta ce na mai ɗakin nan ne, in ya fara zama. Keken ya bar siraran layi biyu a jiƙaƙƙen simintin. Ba da son ransa ba idon Baba ya bi su, ya ga ƙafar hagu tana ɗan ja gefe, tana son saiti. Ya san sawun da zai riƙa gani ke nan a yashin gidan 'yarsa, in har an bar ta a gidan. Ya sa hannu ya rufe idonsa, shuɗin na nan a yatsa.